Daga Shagon Haya Zuwa Gangaren Dutse: Kalmomin Masu Zamiya a Dusar Ƙanƙara

Harshen masu zamiya a kan dusar ƙanƙara haɗin gambiza ne. Mutanen Norwe sun zuba nasu, Faransawa da 'yan Austiriya sun ƙara, daga baya Amurkawa suka kawo na samari. Wanda ya je karon farko zai ji ma'aikacin shago, malami da mai tsaron dutse suna yi masa magana kamar an haife shi da kalmomin, kuma yawancin mutane kunya ke hana su cewa ba su gane ba. Wasu kalmomin ado ne kawai, in ka sani ka yi hira, in ba ka sani ba babu asara. Wasu kuwa gwiwarka da wuyanka ne a cikinsu, kuma su zan fi tsayawa a kai. Na jera su yadda za ka ci karo da su a wuni ɗaya, na kuma rubuta su yadda kunne ke jin su.

Mataki na farko: shagon haya

Takalmi ake fara ba ka, kuma ba za a tambaye ka lambar takalminka na yau da kullum ba. Awonsu sunansa mondo, wato tsawon tafin ƙafarka a santimita. Ƙafa mai santimita 26 da rabi, takalminta 26.5 ne. Takalmin roba ne mai tauri, da maɗaurai uku ko huɗu. In ka miƙe tsaye ya kamata yatsunka su ɗan taɓa gaba, in ka lanƙwasa gwiwa su ja baya, dunduniya kuma ta zauna daram. Safa ɗaya ake sawa, doguwa, kuma kada ka cusa ƙafar wando a ciki, don ɗan ninki ɗaya a kan ƙwauri zai zame maka azaba kafin azahar.

Akwai wata lamba a jikin takalmin, fileks, mai nuna taurinsa idan ka danna gaba. Mai koyo yana son mai taushi, kamar 60 zuwa 80, 'yan tsere kuwa 130 suke hawa har sama. Kamfanoni ba su da ma'auni ɗaya a nan, don haka 90 ɗin wannan ba lallai ya zama 90 ɗin wancan ba.

Sai siki, dogayen faifai biyu da ake maƙalawa a ƙafa a zame a kansu. Ga mai koyo, in an tsayar da shi ya kai tsakanin haɓa da hanci. A jikinsa za ka ga lambobi uku a jere, misali 120-75-105: faɗin kai, faɗin ƙugu da faɗin wutsiya ke nan a milimita. Wannan tsukewar ta tsakiya ita ke sa siki ya yi kwana da kansa idan an karkata shi, kuma girman da'irar da zai zana shi ne radiyos, da ake rubutawa kamar R14, wato mita 14. Ƙaramar lamba, kwana mai kaifi. Gefunansa biyu ƙarfe ne mai kaifi da ke cizon ƙanƙara, Turawa na cewa ej, mu ce kaifi. Cikinsa da ke taɓa ƙasa ana shafa masa kaki don ya yi sulɓi. Za ka ji ana kamba da roka: kamba shi ne tsakiyar siki ta ɗaga sama in an ajiye shi, roka kuma kai da wutsiya su ɗaga. A makon farko ba ruwanka da su.

Abin da ya kamata ka buɗe kunne a kai shi ne baindin, maƙalin da ke riƙe takalmi a kan siki. Aikinsa biyu ne masu karo da juna: ya riƙe ka lokacin da kake tafiya, ya sake ka lokacin da ka faɗi, kafin ƙafa ta murɗe. Ƙarfin da zai sa ya saki shi ne DIN, sunan da aka aro daga hukumar ma'aunai ta Jamus. Ma'aikacin zai tambayi nauyinka, tsayinka, shekarunka da gwanintarka, ya duba tsawon tafin takalmin da aka buga a gefen dunduniya a milimita, sannan ya murɗa sukurori har wata 'yar alama ta tsaya a kan lamba. Nan ne mutane ke cutar kansu. Wani ya rage kilo goma don kunya, wani ya ce shi gwani ne don kada a raina shi. In lambar ta yi ƙasa, siki zai fice maka a tsakiyar kwana. In ta yi sama, siki ya ƙi fita, sai jijiyar gwiwa ta biya bashin. Faɗi gaskiya, kuma kada ka ari sikin aboki ba tare da an sake saita shi ba.

Sandar da ake riƙewa a kowane hannu ba ta da wuyar zaɓe: juya ta, ka kama ƙarƙashin ɗan faifan da ke kusa da tsini, in gwiwar hannunka ta yi kusurwar digiri 90 to ta yi maka. Ɗauki kwalkwali. Tabarau mai rufe ido, gogul, gilashinsa na da aji daga 0 zuwa 4, mai duhu na ranar da rana ta buɗe, mai haske na ranar hazo. Tufafi hawa uku ne: na jikin fata mai tsotse gumi, na tsakiya mai riƙe ɗumi, na waje mai tare iska da ruwa. Auduga ba ta shiga na farko, don in ta jiƙe da gumi sanyi take riƙewa.

Mataki na biyu: taswira da launuka

Hanyar da aka share aka kafa mata alamu ita ce fisti, kalmar Faransanci da kusan duk Turai ke amfani da ita. Kowace fisti da launinta. A Turai shuɗi mai sauƙi ne, ja matsakaici, baƙi na gwanaye, Faransa da wasu ƙasashe kuma suna da kore a ƙasan shuɗi don sababbin shiga. A Amurka da Kanada ana haɗa launi da siffa: koren da'ira, shuɗin murabba'i, baƙin daimon, sai daimon biyu. Babu ja a can, saboda haka shuɗin Amurka ya haɗiye wani yanki na abin da Bature zai kira ja. Japan kuma kore, ja da baƙi take yi.

A Austiriya ƙa'idar ita ce shuɗi kada gangarensa ya wuce kashi 25 cikin ɗari, ja kada ya wuce 40, abin da ya haura baƙi ne. Kashi cikin ɗari daban yake da digiri: kashi 100 shi ne digiri 45, kashi 25 kuwa wajen digiri 14. Fistin nan da ake kira Harakiri a Mayrhofen kashi 78 ne, kimanin digiri 38, kuma wanda ya tsaya a bakinsa zai rantse bango ne.

Sai dai a wurare da yawa kowane dutse da kansa yake gwada hanyoyinsa, ya ba mafi sauƙi kore ko shuɗi, mafi wuya baƙi. Jan wani wuri ya fi baƙin wani ciwo. Kuma launi ba ya sanin yanayi: shuɗin da ka ji daɗinsa da safe, da yamma ya daskare ya cika da mutane, ya zama wani abu daban. In ka je sabon dutse, fara da mataki ɗaya ƙasa da inda ka saba.

Mataki na uku: hawa

Duk abin da ke kai mutum sama lif ne, katin shigarsa kuma fas, wanda ake sawa a aljihun hagu shi kaɗai don ƙofa ta karanta shi. Na masu koyo shi ne darduma mai tafiya, bel ne da kake tsayawa a kai kawai. Daga nan sai masu ja: boton, ɗan faifai a bakin sanda da kake sawa tsakanin cinyoyi, da Ti-ba mai ɗaukar mutum biyu. Kuskuren da kowa ke yi shi ne zama a kai. Ba kujera ba ce, igiyar za ta biyo ka har ƙasa. Tsaya da ƙafafunka, ka bar ta ta ja ka. In ka faɗi, saki, ka mirgina gefe da sauri, akwai wani a bayanka.

Lif mai kujera, wanda aka fara kafawa a Sun Valley ta jihar Idaho a 1936, yana da ƙarfen tsaro da ake saukewa bayan an zauna, a ɗaga dab da sauka. Riƙe sandunanka a hannu ɗaya, ɗaga kan siki in kun kusa, miƙe ka bar kujerar ta tura ka gaba. Gandola ɗaki ne rufaffe, ana cire siki kafin a shiga. Duba lokacin lif na ƙarshe tun da safe, musamman inda kwari biyu ko ƙasashe biyu suka haɗu.

Mataki na huɗu: abin da malami zai riƙa faɗa

In za ka riƙe kalma ɗaya daga wannan rubutu, riƙe fol-layin, layin gangara. Shi ne hanyar da ƙwallo za ta bi in ka sake ta daga inda kake tsaye. Duk sauran darasi a kansa yake rataye. Siki ya fuskanci layin, gudu ya ƙaru. Ya gitta shi, gudu ya mutu. Kwana ba komai ba ce illa shiga layin da fita daga cikinsa, kuma da kwana ake rage gudu: ka ci gaba da juyawa har kan siki ya ɗan kalli tudu, za ka tsaya ko ba ka so. Layin ba koyaushe yake bin tsakiyar hanya ba, wani gangaren yana zuba gefe, shi ya sa ake son ido ya saba nemo shi.

Daga nan ake samun sikin tudu da sikin gangare, wato wanda ke sama da wanda ke ƙasa idan ka gitta dutsen. Nauyi a kan na gangare yake zama. Jiki ba ya son haka, tsoro na sa mutum ya jingina da dutsen, kuma wannan jinginar ce ke sa kaifi ya saki ƙafa ta zame. Haka ma jingina baya, abin da malamai ke kira zaman kujerar baya. Da zarar nauyi ya koma dunduniya, kan siki ya zama ba mai tuƙi. Maganinsa ka ji ƙwaurinka na danna harshen takalmi koyaushe, hannaye a gaba inda kake ganinsu.

Tsayuwar farko da za a koya maka garma ce: kawunan siki su kusanci juna, wutsiyoyi su buɗe. Yara ana ce musu fiza, don siffar yankan fiza gare ta. Ka faɗaɗa, ka rage gudu. Ka danna ƙafar dama, ka juya hagu. Idan ƙafa ta saba sai a koma faralel, siki biyu a jere kamar layin dogo. Tsayawa farat ɗaya ta hanyar juya su gefe su kankare ƙasa ita ce tsayuwar hoki. Kabin kuma shi ne yanka kwana da kaifi zalla ba tare da zamewa ba, ka waiga ka ga siraran layuka biyu a bayanka. Mutane da yawa na cewa suna yi, kaɗan ne ke yi.

Akwai dabaru marasa kwarjini da suka fi waɗannan ceton mutum. Tirabas, gitta gangare daga gefe zuwa gefe. Zamiyar gefe, inda kake tsaye a gicciye ka ɗan sassauta kaifi ka sulale ƙasa a hankali, ita ce ke sauko da wanda ya tsinci kansa inda ya fi ƙarfinsa. Hawa tudu kuma ko da takun gefe, ko da takun ƙashin kifi, kawuna a buɗe wutsiyoyi a haɗe.

Za ka faɗi. Kafin ka yunƙura, juyo da ƙafafunka su koma ƙasa da jikinka, siki a gicciye da layin gangara, in ba haka ba kana miƙewa za su tafi da kai. In ɗaya ya fita, duba bayan baindin: in ya ɗaga a rufe, danna shi ƙasa ya buɗe. Kankare dusar da ta daskare a tafin takalmi da sanda, don ko kaɗan ta rage ba zai kama ba. Fara sa na gangare, yatsu tukuna, sannan ka taka dunduniya har ka ji ƙas.

Mai hawa allo ɗaya, sinobod, nasa kalmomin daban ne kaɗan. Wanda ke sa ƙafar hagu a gaba regula ne, mai sa dama gufi, kuma babu wanda ya fi wani. Kaifinsa biyu, na yatsu da na dunduniya. Abin tsoronsa kama kaifi: gefen da ke kallon gangare ya ciji ƙasa ba shiri, ya maka shi da fuska ko da ƙeya. Shi ya sa ake son ya sa abin kare wuyan hannu.

Mataki na biyar: dusar kanta

Fauda sabuwar dusa ce busasshiya mai laushi, wadda gwanaye ke tashi da asuba dominta, amma mai koyo nutsewa yake yi a ciki. Abin da ya dace da shi gurum ne, hanyar da motar daddaɓa ta bi da dare ta bar mata ƙananan layuka, waɗanda ake kira kodiroi. Had-fak dusa ce da ta dakku ta yi tauri, gaba da ita sai ƙanƙara sosai mai ƙyalli, inda kaifi ke ƙara yana zamewa. In ka ji wannan ƙarar kada ka yi birki a kai, wuce ta ka juya inda dusa ta taru. Silosh ita ce jiƙaƙƙiya mai nauyi ta ƙarshen kakar zamiya. Mogul ƙananan tuddai ne da kwanar mutane ke tarawa a gangare mai tsauri.

Yanayi ma da sunayensa. Bulubad rana ce garau bayan an kwana ana zuba. Filat-layit haske ne marar inuwa, ba ka bambance rami da tudu. Wayit-awut ya fi muni, sama da ƙasa su zama fari ɗaya har mutum ya rasa ko tafiya yake ko tsaye. A irin wannan rana sandunan gefen hanya ne idonka, kuma a wurare da yawa a Turai na hannun dama in kana sauka su ne masu ruwan lemo a kai. Gangaro inda akwai bishiyoyi, a nan ido ke samun abin kamawa.

Mataki na shida: doka, da inda hanya ta ƙare

Hukumar wasan ta duniya, FIS, da aka kafa a Chamonix a 1924, tana da dokoki goma. Mafi girma: wanda ke gabanka, wato ƙasa da kai, shi ke da hanya, don ba shi da ido a ƙeya. Kafin ka shiga fisti ko ka tashi bayan tsayawa, dubi sama. Kada ka tsaya a ƙunci ko bayan tudu inda ba a hango ka. In an yi haɗari, a kafa siki biyu a gicciye sama da wanda ya ji rauni, a kira faturol, masu tsaron dutse, ko lambar gaggawa 112 a Turai. Italiya ma tun 2022 ta wajabta wa mai zamiya inshorar da za ta biya in ya ji wa wani rauni.

Duk abin da ke bayan sandunan alama of-fisti ne. A Amurka da Kanada masu dutse na kula da haɗarin zaftarewa a duk cikin iyakarsu. A Turai kuwa fistin da aka yi wa alama kawai ake tsarewa, taku kaɗan bayan sanda kana hannun kanka. Dusar can fara ce sumul ba sawun kowa, sai dai sau da yawa kallon kitse ake yi wa rogo.

Abalanci, zaftarewar dusa, ana sanar da haɗarinta kullum da lamba 1 zuwa 5. Mutane na ganin 3 su ce tsaka-tsaki ne, alhali kusan rabin waɗanda ke mutuwa a Turai a wannan matakin suke mutuwa, don a 4 da 5 kowa na jin tsoro ya zauna. Mafi kisa ita ce silab, inda faifan dusa guda ya tsage ya sulale a kan wata dusa mai rauni da ke ƙarƙashinsa, galibi a gangaren digiri 30 zuwa 45, kuma yawanci wanda ta binne ko abokin tafiyarsa ne ya tayar da ita. Kayan fita uku ne ba a raba su: bikon, na'urar da ke aika sigina a kan kilohaz 457, da doguwar sandar caka, da shebur. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko yawanci yana rayuwa, bayan haka dama na raguwa da sauri, saboda haka abokan tafiya ne masu ceto. Sayen kayan ba ya maye gurbin horo da ɗan jagora.

Mataki na bakwai: in kallo za ka yi

Tseren gangara, alfain, iri huɗu ne. Silalom ƙofofinsa, wato sandunan da aka kafa don a bi ta tsakaninsu, a matse suke, ɗan wasa na bugun sanduna da hannu da ƙwauri. Babban silalom ya fi faɗi. Waɗannan biyu zagaye biyu ake yi, kuma talatin na farko suna sauka a juye a zagaye na biyu, mai jagora shi ne ƙarshe. Sufa-ji da dawunhil na gudu ne, sauka ɗaya, bambancinsu shi ne a dawunhil ana gwajin hanya kwanaki kafin tsere, a sufa-ji dubawa kawai ake yi da safe. Hanyar Streif a Kitzbühel tana da wurin da ya kai kashi 85, kuma a Wengen ne ɗan tseren Faransa Johan Clarey ya kai kilomita 161.9 a awa a 2013.

Nodik ɓangare ne da dunduniya ba a ɗaure take ba. Akwai tseren ƙetare fili, salon kilasik a cikin layuka biyu da salon siketin mai tura ƙafa gefe. Vasaloppet ta Suwidin kilomita 90 ce, ana yin ta tun 1922. Bayatlon ya haɗa wannan da harbi: maƙasudi biyar a nisan mita 50, a kwance da a tsaye, kuma a yawancin tsere kowane kuskure zagayen horo ne na mita 150. A tsalle kuma za ka ji maki K, layin da ake lissafa makin nisa daga gare shi, da saukar telemak, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, wadda alƙalai biyar ke dubawa, a zubar da maki mafi yawa da mafi ƙaranci.

A allon talabijin lokaci ana lissafa shi har kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Koren lamba mai alamar ragi na nufin mai sauka yana gaban jagora, ja mai alamar ƙari yana baya. DNS bai fara ba, DNF bai ƙarasa ba, DSQ an kore shi, wanda a silalom yawanci sandar ƙofa ce ta ratsa tsakanin ƙafafunsa.